Littafin aiki: zaɓen allon tsaye da fikafikansa don raƙuman tekun Akra

Ana rubuta wannan ne domin 'yan uwa na Nima da Mamobi da suka haɗa kuɗin sayen allo ɗaya, da duk wanda zai bi wannan hanya daga baya. Allon da ake nufi shi ne wanda ake tsayawa a kansa da filafili a hannu, a tuƙa shi har a kama raƙumin ruwa. Masu sayarwa SUP suke ce masa. Abin da suke kira fin, wato ƙananan faifan da ke ƙarƙashin wutsiyar allo, mu fiffike muke ce masa. Igiyar da ke haɗa ƙafa da allo kuwa talala ce. Mahaya uku ne za su yi tarayya a allon: mai kilo 68, mai kilo 78, da mai kilo 88.

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Da ruwa aka fara, ba da allo ba. Gaɓar Akra kudu take fuskanta, raƙumanmu kuma daga can kudancin tekun Atlantika suke tasowa, shi ya sa suka fi ƙarfi daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin da ake hunturu a can. A Kokrobite, kusan kilomita 30 yamma da tsakiyar gari, yawancin raƙuman a kan yashi suke karyewa. Irin wannan raƙumi ba ya jira. Yakan miƙe tsaye nan take, sau da yawa kuma ya kife gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Da hantsi ya yi, iskar kudu maso yamma takan taso ta dagula fuskar ruwa, tsayuwa ma ta zama aiki. Wanda ya fito daga Nima bayan sallar Asuba yana da awa biyu zuwa uku na ruwa mai kyau.

Abu uku ke nan allon zai iya: ya ɗauki mutum a ruwa mai tsalle-tsalle, ya shiga raƙumi mai tsaye ba tare da hancinsa ya nitse ba, ya kuma juya da wuri kafin raƙumin ya rufe. Dogon allon yawo na tafki bai cika ko ɗaya daga cikin na biyun ƙarshe ba, an cire shi daga lissafi tun yau.

Asabar, 12 ga Afrilu

Lissafin lita. Kowane allo ana rubuta masa tsawo, faɗi, kauri da yawan lita a cikinsa ko kusa da mariƙi, wato wurin da ake sa hannu a ɗauke shi. Lita ɗaya tana ɗaukar kilo ɗaya a ruwa, ruwan gishiri ya ɗan fi haka kaɗan. Sai a raba litar allo da nauyin mahayi. Wanda yake koyo yana bukatar kusan ninki biyu na nauyinsa. Wanda ƙafarsa ta zauna, 1.4 zuwa 1.7 ya ishe shi. Ƙwararru kan sauka har 1.1, inda allon yake kusan nutsewa idan ba a tuƙi, wannan kuwa ba namu ba ne.

An samu alluna uku na hannu da za a iya gwadawa. Na farko ƙafa 9 da inci 5, faɗi inci 32, lita 160. Na biyu ƙafa 9 daidai, faɗi inci 31, lita 140. Na uku ƙafa 8 da inci 8, faɗi inci 30, lita 125. Ga mai kilo 78, lissafin ya ba da 2.05 da 1.79 da 1.60. Ga mai kilo 88 ya ba da 1.82 da 1.59 da 1.42. Mai kilo 68 kowanne ya ɗauke shi, damuwarsa ita ce kada allon ya fi ƙarfin ƙafarsa, don lita 160 a wurinsa 2.35 ne.

Idan rubutun ya goge, ana iya kintace: a auna tsawo da faɗi da kauri da santimita, a ninka su, a raba da 1,000, a ɗauki kusan kashi 60 cikin 100. Na biyun ya ba da 274 sau 79 sau 10.8, wato kusan lita 234, kashi 60 ɗinsa kuwa 140. Kintace ne, amma yana kama mai sayarwa idan ya zuga.

Asabar, 26 ga Afrilu

An ari allon hura iska, ƙafa 10 da inci 6, kauri inci 6, aka hura shi har matsin iskarsa ya kai PSI 15 kamar yadda aka rubuta a bakin bututunsa. Amfaninsa a fili yake: yana shiga jaka, jakar tana shiga trotro daga Kaneshie. A cikin kumfa ya yi daidai, kuma idan ya bugi mutum ba ya fasa kai. A fuskar raƙumi kuwa ba ya riƙewa. Gefensa zagaye ne mai kauri, ba ya yanka ruwa, sai ya riƙa zamewa a kaikaice, tsakiyarsa kuma tana lanƙwashewa a ƙarƙashin mai kilo 88. Na koyon tsayuwa ne. An mayar wa mai shi da godiya.

Talata, 6 ga Mayu

An zaɓi Talata da gangan, don a wannan gaɓa masunta ba sa shiga teku ranar Talata, babu kwalekwale mai fita ko shigowa, babu igiyar taru da ake ja. An gwada allunan uku, kowa ya yi minti 20 a kan kowanne.

Mai lita 125 ya fi kowanne daɗin juyawa, amma mai kilo 88 ya kwashe rabin lokacinsa yana hawowa daga ruwa. Ba ƙarancin lita kaɗai ya jawo ba. Inci ɗaya na faɗi yana da tasiri a tsayuwa fiye da inci huɗu na tsawo, kuma hancin wannan allo da wutsiyarsa duka tsukakku ne, faɗin nan na inci 30 a tsakiya kawai yake. Allon da ba a iya tsayuwa a kansa ana jiran raƙumi ba ya kama komai, komai kyawun juyinsa.

Mai lita 160 kamar dandamali yake. Yana kama raƙumi tun da wuri, amma cikinsa shimfiɗe ne, hancin bai ɗaga sosai ba. Sau uku hancin ya caki ruwa a gangaren raƙumi mai tsaye, mahayi ya wuce ta gaba. Gefensa ma kauri ne har wutsiya, mai kilo 68 ya taka iya ƙarfinsa bai iya nitsar da shi ba.

Yadda ake duba gantsarewar allo: a kifa shi, a ɗora miƙaƙƙen katako a tsakiyar cikinsa, a auna tazarar da ke tsakanin katakon da ƙarshen hanci, sannan da ƙarshen wutsiya. Mai lita 140 ya fi mai 160 ɗaga hanci da kusan inci ɗaya da rabi, gefensa kuma yana sirancewa daga bayan mariƙi, ya zama mai kaifi a kusa da fikafikai. Wannan kaifin ne ke sakin ruwa ya ba da gudu. Shi kowa ya nuna.

Asabar, 17 ga Mayu

Kafin biyan kuɗi an bincike shi a inuwa, da hannu da ido. Cikin irin waɗannan alluna farin soso ne, irin wanda ake tokare sabon firji da shi a kwali, an lulluɓe shi da ƙyallen faiba da ifoksi, wato wani gam mai daskarewa da ƙarfi. Wannan soso yana shan ruwa ta ko wace 'yar tsaga. Don haka ma'auni ne farkon bincike: ya ba da kilo 10.4, wanda ya yi daidai da girmansa. Da ya kai 12 da an san ya sha. An bi duk jikinsa ana dannawa da babban yatsa ana ƙwanƙwasawa da kwabo. Inda fata ta rabu da soso, sautin yakan mutu, wurin kuma ya yi laushi. An samu wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu a gaban mariƙi, an rage kuɗi a kansa. An sa fiffike a kowane rami an girgiza, babu wanda ya motsa. An ɗaura igiya a mazaunin talala an ja da ƙarfi.

Akwai ɗan maɓallin numfashi kusa da mariƙi. Na wannan allo mai shaƙa da kansa ne, ba a kwance shi. Amma ba ya hana rana ɓarna: allon da aka bari a kan rufin mota da azahar, iskar cikinsa takan kumbura ta ɗaga fata. Jaka mai launin azurfa da inuwa su ne maganin. A kan mota kuma, ciki sama, wutsiya gaba, ɗauri biyu, a murɗa kowane ɗauri sau ɗaya don kada ya yi ta kuka a hanyar Kasoa.

Asabar, 31 ga Mayu

Ramukan fikafikai biyar ne. Na tsakiya dogo ne, inci 10, irin wanda ake kira akwatin Amurka: fiffike yana zamewa gaba da baya a cikinsa, ana kafe shi da sukuru ɗaya da ɗan faranti mai kusurwa huɗu. Huɗun gefe na kamfanin FCS ne tsohon samfuri, mai haƙori biyu, ana ɗaure kowane haƙori da ɗan sukuru marar kai da alanki. A kula wajen saye. Fiffiken sabon samfuri FCS II ba ya shiga waɗannan ramuka, na kamfanin Futures kuma gindinsa ɗaya ne dogo, ba ya shiga ko kusa. Tsohon mai haƙori biyu yana iya zama a ramin FCS II idan an sa sukuru, amma ba a yin akasin haka.

Allon ya zo da fiffiken tsakiya mai zurfin inci 9 da ƙananan gefe biyu masu inci 3 da rabi. Da su aka shiga yau, na tsakiyar yana can ƙarshen baya. A tuƙi babu abin cewa, ana yin bugu takwas a gefe ɗaya kafin a sauya hannu. A kan raƙumi kuwa kamar jirgin ƙasa, inda ya sa gaba nan zai je. Inci 9 na dogon allo ne da raƙumi mai kwanciya.

Asabar, 14 ga Yuni

An tsallake makon Babbar Sallah. An kuma kafa doka: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a hau raƙuma aƙalla biyar, a fito a rubuta. Wanda ya canza girman fiffike da mazauninsa tare ba zai san wanne ya yi aikin ba.

An sa fiffiken tsakiya mai inci 7. An ja layi da fensir a gefen akwatin, santimita ɗaya-ɗaya, don a san inda aka tsaya. A ƙarshen baya yana riƙewa sosai, juyi yana da faɗi. Da aka matso da shi gaba santimita 2, allon ya fara amsa ƙafa. A santimita 4 ya fi sauƙin juyawa, amma mai kilo 88 ya ji wutsiya ta zame masa sau biyu a gindin raƙumi, daidai inda ake kwantar da allo a kan gefe. Dalilin a sarari yake: idan allo mai faɗi ya kwanta, fiffiken tsakiya yana tasowa kusa da saman ruwa, iska ta shiga gefensa, riƙon ya tafi. Ƙananan gefe na inci 3 da rabi ba su da girman da za su karɓi aikin.

Saboda haka aka bar na tsakiya a santimita 3, aka ƙara girman na gefe zuwa inci 4 da rabi. Zamewar ta ɗauke. Aka kuma rage na tsakiya zuwa inci 6 da rabi, don jimillar fiffike ta yi yawa, ana jin allon yana jan ƙafa a raƙumi marar ƙarfi. Wannan haɗin ya fi duk na baya.

Wani ƙaninmu ya tambaya: “Yaya, na gefen nan ba duk ɗaya ba ne? Na ga an tsaya ana juya su.” Ba ɗaya ba ne. Fiffiken gefe fuskarsa ta ciki shimfiɗe ce, ta waje mai tudu, akwai na dama akwai na hagu. Shimfiɗaɗɗiyar fuska ita ke kallon tsakiyar allo. Na tsakiya ne kawai tudunsa ɗaya a fuska biyu. Idan aka sa na gefe a juye, allon yakan yi nauyi ya riƙa gurnani a gudu. Ramukan gefe kuma an ɗan karkatar da su suna kallon hanci, wannan daga masana'anta yake, ba a taɓa shi.

Abin da ya fi fiffike muhimmanci, kuma an gan shi yau ƙarara: ƙafar baya. Muddin tana tsakiyar allo, ko wane fiffike aka sa ba zai juya ba. Sai ta koma kan tudun robar da ke wutsiya, daidai saman fikafikai.

Asabar, 28 ga Yuni

An yi ruwa mai yawa ranar Laraba, aka bari kwana biyu suka wuce kafin shiga, don bayan ruwan sama koguna da magudanai suna zubo dattin gari cikin teku. Duk da haka ledar fiya wata tana yawo. Fiffike mai tsaye yana kama leda, mai kwanciya baya yana sakinta. Idan allo ya yi nauyi ba dalili, a fara leƙa ƙarƙashi kafin a zargi haɗi.

Yau an gwada haɗin fikafikai iri biyu, uku-daidai da huɗu. Uku-daidai shi ne haɗin da Simon Anderson na Ostireliya ya fito da shi a 1980, fikafikai uku masu kusan girma ɗaya. An sa na tsakiya mai inci 4 da rabi mai gindin akwatin Amurka, aka tura shi baya. FCS suna raba girma da nauyin mahayi, matsakaici M daga kilo 65 zuwa 80, babba L daga 75 zuwa 90, amma wannan na ƙananan alluna ne. Wutsiyar allon tsaye ta fi faɗi nesa, don haka ko mai kilo 68 L ya dace da shi. Juyi a saman raƙumi ya yi kaifi, allon yana komowa inda aka ce. Farashinsa a tuƙi ake biya: bugu huɗu, hanci ya karkace. Maganin shi ne a tunkari raƙumin a ɗan kaikaice, a bar karkacewar ta miƙar da allon a bugu na ƙarshe.

Da huɗu an cire na tsakiya gaba ɗaya, gaba inci 4 da rabi, baya inci 3 da kwata uku. Gudu ya ƙaru a fili, don babu abin da ke ja a tsakiya, kuma a raƙumi mai tsaye fikafikai biyu ne a cikin fuskar ruwa suna riƙo. Ga raƙuman da ke saurin rufewa, wannan gudun shi ne bambancin fita da binnewa. Amma idan allon yana shimfiɗe a cikin kumfa yakan yi rawa, kuma juyinsa dogo ne. Mai kilo 88 huɗu ya zaɓa. Sauran biyun uku-daidai. Ba a yanke hukunci ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ɓarna. An hau raƙumi har bakin yashi lokacin da teku ya janye, fiffiken gefe na dama ya caki ƙasa, raminsa na baya ya tsage kewaye. Tazarar cika da janyewar teku a nan ba ta da yawa, mita ɗaya da 'yan kai ce, amma ta isa ta mayar da wurin da ya kai ƙugu ya koma gwiwa. Doka daga yau: a sauka daga allo tun ruwa yana ƙugu, a faɗa a shimfiɗe, ba da kai ko miƙaƙƙiyar ƙafa ba.

Gyara. An fitar da allon nan take, aka wanke da ruwan daɗi, aka buɗe tsagar da wuƙa, aka jingine shi a inuwa tsagar tana ƙasa. Da damina kwana biyar ya ɗauka. Ana gane ya bushe idan aka manna takarda a wurin da rana, takardar ta fito ba laima. An goge kewaye da sanfefa mai lamba 80. Ifoksi kaɗai ake sawa. Ruwan faiba na masu gyaran jikin mota, wato foliyesta, yana narkar da farin soso kamar gishiri a ruwa. Namu awo biyu ne da awo ɗaya na mai daskararwa, kamar yadda kwalbar ta ce, da sirinji aka auna. Ba a zuba da yawa a rami lokaci ɗaya, don ifoksi mai tarin yawa yana zafi har ya cinye soso. Sau biyu aka cika. An ɗora ƙyallen faiba mai nauyin oza 4 har biyu, na sama ya zarce na ƙasa da santimita 2. Da yamma aka yi, lokacin da zafi ke sauka, don da rana soso yana fitar da iska ya huda gyaran da ƙananan ƙofofi. Washegari sanfefa 120, sannan 220 da ruwa. Nauyi bayan gyara: kilo 10.5.

Asabar, 19 ga Yuli

Ruwa ya yi sanyi kamar yadda yake yi kowace shekara a wannan lokaci, riga mai dogon hannu ta roba ta isa.

Talalar da ta zo da allon mai naɗi ce kamar wayar tarho. An ajiye ta. A raƙumi takan miƙe ta dawo da allon kan mai shi da ƙarfi. An sa miƙaƙƙiya, ƙafa 9, kauri milimita 8, mai majuyi a kai biyu. Ɗan zaren da ke ɗaure ta a allo an gajarta shi yadda faffaɗan ƙyallen talalar ne ke taɓa gefen wutsiya. Idan zaren ya yi tsawo shi ke yanka allo. Talala ba ta maye gurbin iyo. Inda ruwa ya yi duhu, raƙumi ba ya karyewa, kumfa tana tafiya waje, nan ne ruwa ke ja. Wanda ya faɗa ciki ya riƙe allonsa ya tuƙa a gicciye, kada ya yi gardama da shi.

Filafilin ya yi tsawo, na yawo ne. A raƙumi ana tsugune, dogon filafili yana ɗaga kafaɗa yana jinkirta sauya hannu. An naɗe sandar da salatif, aka yanke da zarto mai ƙananan haƙora, santimita 2 kowane gwaji, aka riƙe kan da gam mai zafi don a iya cirewa. An tsaya a santimita 3 sama da kan matsakaicinmu.

Asabar, 2 ga Agusta

Inda ake yanzu: idan raƙumi bai wuce ƙugu ba, inci 6 da rabi a tsakiya a layi na 3, da inci 4 da rabi a gefe. Daga ƙirji zuwa sama, huɗu ga mai nauyi, uku-daidai ga sauran. Gyaran ramin dama bai motsa ba bayan shiga huɗu, nauyi yana nan 10.5. Sukuru marar kai ɗaya ya fara cin zare saboda yashi da ɗaurin ƙarfi. Ana ɗaurewa ne har ya taɓa, a ƙara kwata, a tsaya. An sayi guda shida na ajiya, da faranti biyu na akwatin tsakiya, don yashi ya riga ya haɗiye ɗaya.

Saura abu biyu. Wurin nan mai laushi a gaban mariƙi ya ƙaru da kusan yatsa ɗaya, za a huda shi a cusa ifoksi da sirinji a danne da buhun yashi kafin ƙarshen wata. Sannan ba a gwada huɗu da ɗan ƙaramin fiffike na inci 2 a tsakiya ba, wanda ake sa ran zai rage rawar cikin kumfa. Za a kai shi Busua, yamma da Takoradi, inda raƙumin ya fi tsawo, a hau goma da shi, goma babu shi.